Waswasi: daga zauren malam zuwa hoton ƙwaƙwalwa



Lokacin da nake karatu a Aliero akwai abokina da muke ɗaki ɗaya. Buta uku yake ƙararwa kafin ya gama alwala, sau da yawa sai an sallame yake shiga masallaci. Dariya muka riƙa yi masa, wallahi har yau ina jin kunyar abin. Wasu suka ce iska ce. Likitoci kuwa OCD suke kiran wannan ciwo: tunani ya maƙale wa mutum, ya tilasta masa maimaita abu don hankalinsa ya kwanta, kwanciyar kuma ba ta daɗewa.

Abin mamaki, maganar tana cikin littattafan da muka karanta a zaure tun muna yara. Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a 996, da kuma Ahalari, duk sun kawo hukuncin wanda kokwanto ya aure shi a salla: ya ƙyale kokwanton, kada ya koma ya kawo abin da yake shakka, ya yi sujada ba'adi kawai.

To, ku riƙe wannan mu leƙa Landan. A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam, Victor Meyer, ya gwada wata hanya a kan majinyata biyu. Ya sa su tunkari abin da suke tsoro, misali taɓa abin da suke ganin ƙazanta ne, sannan aka hana su wanke hannu. Da farko fargaba ta tashi, amma da aka daure sai ta riƙa sauka da kanta. Har gobe wannan hanya ce ginshiƙin jinyar OCD.

Sai dai mutane sun ci gaba da cewa ai magana ce kawai, ina za ta taɓa ƙwaƙwalwa? Amsa ta zo a 1992 daga Los Angeles a Amurka. Lewis Baxter da Jeffrey Schwartz da abokan aikinsu sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyata da na'urar PET, mai nuna inda ake ƙona sukari da yawa. Mutum 9 sun sha ƙwaya, 9 sun yi horon daurewa, na kusan mako 10. Waɗanda suka samu sauƙi, ko ta ƙwaya ko ta horo, wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa mai suna kaudet, da yake aiki fiye da kima, ya lafa. Waɗanda ba su samu sauƙi ba, bai lafa ba. Mutum 18 ba yawa ba ne, na sani, amma ƙofa ta buɗe daga nan.

Ba cewa nake Ahalari ya maye gurbin likita ba. Abokina ya haddace hukuncin sarai, aiki da shi ne ya gagara, don yana buƙatar mai riƙe masa hannu mataki-mataki. Mu da ake kawo mana masu karaya Aliero daga nesa don ɗori, ko sau ɗaya ba mu ce masa ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato ba. Buta kawai muke ɓoye masa.