Daga Jobra Zuwa Maradi: Iyakar Abin da Ƙaramin Rance Ke Iya Yi

A shekarar 1976, Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong ta ƙasar Bangaladash, ya shiga ƙauyen Jobra da ke daura da jami'ar. Ya tarar da mata suna saƙa kujerun gora, amma kuɗin gorar a hannun 'yan kasuwa suke karɓa, bisa sharaɗin su kaɗai za a sayar wa, a farashin da suka ga dama. Da ya lissafa, abin da mutum 42 ke buƙata su kuɓuta daga wannan ƙangi bai wuce dala 27 ba. Ya ba su daga aljihunsa. Daga nan Bankin Grameen ya samo asali, ya zama cikakken banki a 1983, kuma a 2006 shi da Yunus suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Grameen ya tabbatar da abin da manyan bankuna suka daɗe suna musantawa: matalauciyar da ba ta da gona ko gidan jingina tana biyan bashi. Sai dai biyan bashi daban, fita daga talauci daban, kuma masu yabon tsarin sun daɗe suna haɗa biyun.

Bincike ne ya raba gardama. A birnin Hyderabad na Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun bibiyi unguwanni 104, rabinsu an buɗe musu reshen kamfanin rance na Spandana, rabi ba a buɗe ba. Waɗanda dama suke da sana'a sun ƙara jari. Amma abin da gida ke kashewa a wata bai ƙaru ba, karatun yara da lafiya ma suna nan yadda suke. A 2015 aka wallafa wannan tare da irinsa guda biyar daga Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya, duk bakinsu ya zo ɗaya: akwai amfani, amma ɗan kaɗan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wadda ta karɓi rance yau, mako mai zuwa za ta fara biya. Idan yaro ya kwanta ciwo, jarin ya tafi kantin magani, mai karɓar bashi kuwa ba zai fasa zuwa ba. Sai ta ci wani bashin ta biya na farko. Haka aka yi a jihar Andhra Pradesh, inda kamfanoni suka riƙa ɗora wa gida ɗaya bashi kan bashi, har rahotannin masu kashe kansu suka sa gwamnatin jihar ta taka musu birki a Oktoban 2010. Wannan abin kunya ne ga harkar da aka kafa da sunan tausayin talaka.

A Bangaladash ɗin dai, ƙungiyar BRAC ta gane cewa mafiya talauci ba sa ma kusantar rance. A 2002 ta fara ba su saniya ko awaki kyauta, da ɗan kuɗin abinci, da horo, da jami'i mai leƙo su a kai a kai. An gwada tsarin a ƙasashe shida, har da Gana da Habasha, kuma a mafi yawansu cin gida da dukiyarsa suka ƙaru, suka ɗore bayan an janye tallafin. A Honduras ne aka yi asara, domin kajin da aka raba cuta ta kashe su.

Ƙasar Hausa ma tana da nata. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a yankin Maradi, ta ɗora shi kan adashe. Mata na haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a asusu, su ranta wa junansu, ƙarshen zagaye su raba uwar kuɗi da riba. Babu sisin banki a ciki, don haka ribar ba ta barin gari. Yau tsarin ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka.

Hukumomin da ke ware kuɗin yaƙi da talauci a Nijar da Najeriya su daina auna nasara da yawan rancen da aka raba. Mai sana'a a ba ta rance mai sassaucin biya. Wadda ba ta da komai a fara mata da akuya da asusun ajiya.