Ƙamus da tsohon rubutun hannu: ina ake gano shekarun kalma?

Babban ƙamus na Turanci da ake kira Oxford ya sha bamban da sauran ƙamusoshi ta fuska ɗaya: bayan ma'anar kalma, yana nuna shekarar da aka fara ganinta a rubuce, da yadda ma'anarta ta yi ta sauyawa.

A shekarar 1857 ne wata ƙungiyar masana harshe a London ta kawo shawarar aikin. Kashin farko ya fito a 1884, amma ba a kammala ba sai a 1928. Mutane da dama ne suka riƙa karanta littattafai suna aika wa editan, James Murray, jimloli a 'yan takardu, kowace da sunan littafi da shekararsa.

Ƙamusoshin Hausa sun bi wata hanya ta daban. J.F. Schön, wanda ya wallafa nasa a 1876, ya dogara sosai ga bakin Dorugu. G.P. Bargery, wanda nasa ya fito a 1934 da kalmomi kimanin 39,000, ya zagaya ƙasar Hausa yana sauraron jama'a, har yakan nuna kalmar da Sakkwatanci ce ko Katsinanci. Ke nan ya faɗi inda ake amfani da kalma, amma bai faɗi tun yaushe ba.

Shaidar da ke cikin gafaka

Mai son sanin tun yaushe, dole ya koma ga rubuce-rubucen ajami, musamman waƙoƙin zamanin jihadi. Wurno na da muhimmanci a nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da garin ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, kuma 'yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta zauna a can. Almajirai sun yi ta kwafar irin waɗannan ayyuka a Wurno da garuruwan maƙwabta kamar Rabah da Goronyo.

Matsalar ita ce littafin ɗab'i yana ɗauke da shekararsa a fili, shi kuwa na hannu sai an bincika. Mawaƙan kan ɓoye shekarar Hijira a baitocin ƙarshe ta hanyar ramzi, inda kowane harafi ke da adadinsa. A lissafin Magariba, shinun dubu ne, ra kuma ɗari biyu. Sai dai ramzi shekarar tsara waƙa yake nunawa, ba shekarar da aka kwafe ta ba, kuma mai kwafa yakan sa kalmar garinsu a gurbin wadda bai gane ba.

Saboda haka masana kan duba takardar ita kanta. Da yawa daga cikin takardun ƙarni na 19 daga Italiya suka fito ta Tarabulus da Masar, kuma idan aka ɗaga su a haske ana ganin tambarin jinjirin wata uku. Ana kuma lura da tawada, da salon hannun marubuci, da kalmar da ake sawa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba, tun da ba a ɗinke warƙoƙin.

Ajamin ma na da nasa tarkon: ba ya nuna karin sauti, kuma sau da yawa harafi ɗaya ke wakiltar "b" da "ɓ".

An yi ƙoƙarin adanawa. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tara ɗimbin littattafai a Sakkwato, kuma a wannan shekarar ce Jean Boyd da Beverly Mack suka wallafa tarin ayyukan Nana Asma'u. Kwafe-kwafe masu yawa kuwa na hannun iyalai, inda gara da danshin damina ke cinye warƙoƙin farko da na ƙarshe, wato inda sunan mawallafi da na mai kwafa suke.