Yadda Aikin Kula da Jin Daɗin Jama'a ya Shiga Asibiti

Ɗalibin da ke neman jami'ar da zai yi digiri na biyu a fannin kula da jin daɗin jama'a, da niyyar yin aiki a asibiti, yakan fara da tambayar sunan makaranta da kuɗinta. Tarihin wannan sana'a kuwa yana da abin da zai ƙara masa, domin tun farkonta ana jayayya a kan abu guda: shin ma'aikacin nan mai tsaron aljihun asibiti ne, ko mai tsaya wa majinyaci?

A shekarar 1895 ne asibitin Royal Free da ke Landan ya ɗauki Mary Stewart a matsayin almona ta farko, bisa shawarar Charles Loch, sakataren wata babbar ƙungiyar tsara ayyukan sadaka. Asalin ma'anar kalmar almona shi ne mai rabon sadaka, amma aikin da aka ba ta kusan kishiyar haka ne, watau ta tantance masu zuwa neman magani kyauta, ta tsame waɗanda ke da halin biya. Da tafiya ta yi tafiya, sai almononi suka lura cewa talauci da matsattsen muhalli su ne ke komo da mutane asibiti bayan an sallame su.

A Amurka kuwa likita ne ya buɗe ƙofar. Dokta Richard Cabot na Babban Asibitin Masacusets da ke Bostan ya ga cewa umartar mai tarin fuka da ya huta, ya ci abinci mai gina jiki, maganar banza ce idan mutumin lebura ne mai iyali. Saboda haka a 1905 ya kawo ma'aikaciya ta musamman sashen masu jinyar je-ka-ka-dawo. Ida Cannon, wadda nas ce tun asali, ta kama aiki a nan a 1907, ta kuma zauna har 1945. Ita ce ta dage a kan cewa kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta isa ba. Tilas ma'aikaci ya san cuta da yadda take tafiya, sa'an nan ya iya zama da likitoci ya faɗi nasa ra'ayi ba tare da jin nauyi ba. A 1912 aka fara kwas na musamman don aikin asibiti a makarantar da ke ƙarƙashin Kwalejin Simmons, inda ɗalibai ke raba lokacinsu tsakanin aji da ɗakin majinyata.

Duk da haka, a 1915 Abraham Flexner, wanda rahotonsa na 1910 ya girgiza makarantun likitanci, ya faɗa wa taron ma'aikatan a Baltimo cewa aikinsu bai kai matsayin sana'ar ƙwararru ba. Maganar ta yi zafi, amma ta yi amfani. A 1939 ƙungiyar makarantun fannin ta tsai da digiri na biyu na shekara biyu a matsayin sharaɗi, kuma a 1952 aka kafa majalisar da ke tantance irin waɗannan makarantu a Amurka. Ƙa'idarta ita ce ɗalibin digiri na biyu ya yi aƙalla sa'o'i 900 na koyon aiki a fili. A nan ne makarantu suka fi bambanta da juna, domin wadda ba ta da alaƙa da asibitin koyarwa ba za ta iya ba ɗalibi abin da Cannon ta nema ba, kome girman sunanta.

A Ingila, kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948 ya sauke wa almononi nauyin binciken kuɗi, har suka yar da tsohon sunan a 1964. Amma batun kuɗi ya komo ta wata hanya a Amurka a 1983, sa'ad da shirin Medicare ya fara biyan asibitoci ƙayyadadden kuɗi bisa nau'in cuta, ko majinyaci ya daɗe ko bai daɗe ba. Tun daga lokacin, shirya sallamar majinyaci da samo masa inda zai ci gaba da jinya ya zama babban aikin ma'aikatan a asibitocin ƙasar.