Futsi 100: Yadda Aka Ƙera Ma'aunin Manyan Kamfanonin Birtaniya

Kowace ranar aiki, da zarar an tashi daga kasuwar hannayen jari ta Landan da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, gidajen rediyo da talabijin na Birtaniya kan karanto wata lamba a ƙarshen labarai: ma'aunin FTSE 100, wanda aka fi sani da Futsi, ya hau da maki kaza ko ya sauka da maki kaza. Da yawa daga cikin Hausawan unguwannin Fallowfield da Rusholme na Manchester, da 'yan'uwanmu na Birmingham, suna ɗaukar wannan lamba a matsayin zancen masu hannu da shuni. Amma tun daga Oktoban 2012 dokar ƙasar ta fara wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su sanya duk wanda ya kai shekara 22, kuma yake samun fiye da fam 10,000 a shekara, cikin tsarin fansho ko da bai nema ba. Wani kaso na kuɗin da ake cira duk wata hannun jari ake saye da shi, manyan kamfanonin nan ɗari kuwa na cikin waɗanda ake sayen nasu. Wanda hatsinsa ke gaban mai awo, ya kamata ya san yadda aka sassaƙa mudun.

Kafin a sami lamba guda

Cinikin hannun jari bai taɓa zama na Landan ita kaɗai ba. Manchester ta kafa tata kasuwar a 1836, shekara shida bayan buɗe layin dogo tsakaninta da Liverpool, lokacin da kamfanonin jirgin ƙasa ke neman jari ido rufe. Daga baya masaƙun auduga na Lancashire suka biyo sahu, waɗanda matafiyin nan Heinrich Barth ya tarar da yadinsu a kasuwar Kano a 1851. Birmingham ta buɗe tata a 1845. A 1965 kasuwannin arewacin Ingila suka haɗe, sannan a 1973 dukkan kasuwannin larduna suka narke cikin ta Landan. Ginin kasuwar Manchester yana nan a Norfolk Street, tafiyar bas guda daga Fallowfield ta Wilmslow Road, sai dai yanzu otal ne na tsofaffin 'yan wasan Manchester United, Gary Neville da Ryan Giggs.

A zamanin da waɗannan kasuwanni ke tashe, dillali ya san farashin kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya, amma in aka tambaye shi yaya kasuwa take gaba ɗaya, sai dai ya yi kintace. Ɗan jaridar Amurka Charles Dow ne ya shahara da magance wannan. A watan Mayun 1896 ya ɗauki kamfanonin masana'antu 12, ya tara farashin hannun jarinsu, ya raba gida 12. Hanyar tana da sauƙi, tana kuma da naƙasu: ƙaramin kamfani mai tsadar hannun jari sai ya fi babban kamfani mai arhar hannun jari jan ma'aunin.

Birtaniya ta sami nata a ranar 1 ga Yulin 1935, sa'ad da jaridar Financial News ta ƙaddamar da ma'aunin kamfanoni 30 daga maki 100. Da jaridar ta haɗe da Financial Times a 1945, sai aka san shi da FT 30. Shi ne ya auna mummunar faɗuwar da ta faro a Mayun 1972, wadda rikicin man fetur da yajin aikin masu haƙar kwal suka ƙara wa tsanani, har ya kai maki 146 a Janairun 1975, bayan ya zubar da kusan kashi 73 cikin ɗari na darajarsa. Amma shi ma daidai yake ɗaukar babba da ƙarami, kuma talatin sun yi kaɗan. A 1962 an ƙirƙiro wani mai ɗauke da ɗaruruwan kamfanoni, sai dai sau ɗaya a rana ake lissafa shi.

Abin da ya haifi Futsi buƙatar 'yan kasuwa ce. A 1982 aka buɗe kasuwar LIFFE a Landan, inda ake ƙulla ciniki yau a kan farashin da za a biya nan gaba. Irin wannan ciniki yana buƙatar lamba mai motsi duk yini, wadda kuma ta ƙunshi mafi yawan darajar kasuwa. A ranar 3 ga Janairun 1984 ma'aunin kamfanoni ɗari ya fara aiki daga maki 1,000. Sunansa ya haɗa jaridar Financial Times da kasuwar Landan, a yau kuma kamfanin FTSE Russell ne ke kula da shi. A wannan rana ɗaya ce kasuwar hannayen jari ta Najeriya ta kafa tubalin nata ma'aunin, daga maki 100.

Yadda ake lissafin

Ana fara lissafi da darajar kamfani a kasuwa: farashin hannun jari guda, a ninka shi da adadin hannayen jarin. A ce wani kamfani yana da hannun jari biliyan 1, kowanne fam 5. Darajarsa fam biliyan 5 ke nan. Tun daga 2001 an ƙara wani sharaɗi, cewa hannayen jarin da ke yawo a kasuwa kaɗai za a ƙirga. In gwamnati ko iyalin da suka kafa kamfanin suna riƙe da kashi 40 cikin ɗari ba su sayarwa, fam biliyan 3 ne zai shiga lissafi. Haka za a yi wa kamfanonin duka, a tara jimilla, sannan a raba ta da wata lamba ta musamman.

Wannan lambar rabawa ita ce sirrin ɗorewar ma'aunin. An zaɓe ta ne tun farko don amsar ta fito 1,000. Duk sa'ad da wani kamfani ya fita wani ya shigo, ko aka ƙara hannayen jari, sai a gyara ta yadda ma'aunin ba zai motsa ba saboda wannan canji. Hawa da saukar farashi ne kaɗai ke motsa shi. Sakamakon wannan tsari shi ne ƙattai irin su AstraZeneca da HSBC da Shell da Unilever su ke jan ragamar. Ɗayansu in ya motsa da kashi ɗaya cikin ɗari, ya fi a ce na ƙarshen layi da dama sun motsa tare.

Sau huɗu a shekara, a Maris da Yuni da Satumba da Disamba, ake sake jera kamfanoni bisa darajarsu. Na waje da ya hau matsayi na 90 ko sama da haka zai shigo. Na ciki da ya gangara zuwa na 111 ko ƙasa zai koma ma'aunin da ke biye da shi, FTSE 250. Tazarar da aka bari tsakani tana hana shiga da fita kullum. Marks & Spencer, wanda aka fara da shi a 1984, ya fita a 2019 ya dawo a 2023. ICI, wanda ya taɓa zama tutar masana'antun Birtaniya, ya shuɗe, ɓangarensa na magunguna ne ya rayu cikin AstraZeneca. Airtel Africa, mai layin da ke aljihun miliyoyin mutane a Kano da Maraɗi, ya shiga a 2022.

Hawa da gangara

Gwajin farko ya zo da wuri. A ranar Litinin 19 ga Oktoban 1987 Futsi ya faɗi da kusan kashi 11 cikin ɗari, washegari ya ƙara da kashi 12. Ya farfaɗo, ya yi ta hawa cikin zumuɗin kamfanonin intanet da na sadarwa, har ya rufe a maki 6,930 a ranar 30 ga Disamban 1999. Daga nan kumfar ta fashe: a Maris na 2003 yana maki 3,287, ƙasa da rabin inda yake a da. Ya sake tasowa, sai rikicin bankuna ya rutsa da shi. Mutane suka yi layi a ƙofar bankin Northern Rock a Satumban 2007 suna kwashe ajiyarsu, gwamnati ta ceto Royal Bank of Scotland a 2008, ma'aunin kuma ya koma wajen 3,500 a Maris na 2009. Sai a Fabrairun 2015 ya zarce matsayinsa na 1999, bayan fiye da shekara 15. Annobar korona ta mayar da shi ƙasa da 5,000 a Maris na 2020. Ya haura 8,000 a Fabrairun 2023, ya taɓa 9,000 a Yulin 2025.

Abin da lambar ba ta faɗa

Lambar da ake karantowa a labarai farashi kawai take aunawa. Ba ta haɗa da ribar da kamfanoni ke raba wa masu hannun jari ba, wadda a yawancin shekaru takan kai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. Shi ya sa wanda ya zuba jari a 1999 ya riƙa mayar da ribarsa cikin jarin ya ga ƙaruwa a shekarun da lambar ke nuna kamar an tsaya cik. A gefe guda kuma ba ta cire hauhawar farashi. Misalin gida ya fi fito da wannan fili: ma'aunin Najeriya ya haura maki 100,000 a Janairun 2024, ninki dubu ke nan, amma a 1984 naira ta fi dala daraja, a 2024 kuwa sai an ba da fiye da naira dubu kafin a sami dala guda.

Futsi kuma ba madubin rayuwar Manchester ko Birmingham ba ne. Kimanin kashi uku cikin huɗu na cinikin kamfanoninsa daga ƙasashen waje yake fitowa. Bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a Yunin 2016 fam ya faɗi warwas, ma'aunin kuwa ya hau, domin ribar da aka samo da dala ta ƙara auki in aka canza ta zuwa fam. Wannan alaƙa da waje daɗaɗɗiya ce, ta kuma shafe mu: kamfanin UAC, wanda Alhassan Ɗantata ya riƙa saya wa gyaɗa a Kano, a wancan zamani na Unilever ne, Shell kuwa tun 1958 yake fitar da man Najeriya.

Saura batun da ya fi damun Musulmi mai ajiya. Ma'aunin girma yake dubawa, ba ruwansa da halal ko haram. A cikinsa akwai bankuna masu mu'amala da kuɗin ruwa, da Diageo mai yin giya, da British American Tobacco mai yin taba. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro ma'aunan Musulunci, irin wanda Dow Jones ya ƙaddamar a 1999, masu tace kamfanoni bisa sana'arsu da yawan bashin da ke kansu. Asusun fansho na Nest, wanda gwamnati ta kafa, yana da zaɓin da ya dace da shari'a, amma ba a sanya kowa a ciki sai ya nema da kansa.

Mutane ne suka tsara Futsi, suka rubuta ƙa'idojinsa, kuma abin da aka ɗora masa yana auna shi da gaskiya. Namu aikin shi ne mu buɗe takardar fansho da ke zuwa duk shekara, mu duba wane ma'auni kuɗinmu ke bi, waɗanne kamfanoni ne a ciki, nawa ake cira na kulawa, kuma ko zuciyarmu ta natsu da inda aka kai su. Tarihin shekara arba'in ya nuna cewa kasuwa kan faɗi da rabi, kuma farfaɗowa kan ɗauki fiye da shekara goma. Mai ajiyar da ya san haka tun farko ba zai sayar cikin firgici ranar da ta faɗi ba, ba kuma zai zuba kuɗin hayar gida ko na makarantar yara a cikinta ranar da ta hau ba.