Labari Mai Zane: Tarihinsa da Kalmomin Nazarinsa

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin littattafan nan masu zane da yaranmu suke rububi a kansu, da kuma kalmomin da masana suke nazarinsu da su.

Da yawa suna ɗaukar Rodolphe Töpffer, wani malamin makaranta a birnin Janeba, a matsayin uban wannan fanni. A shekarun 1830 ya riƙa jera zane-zane a cikin gidaje, ya rubuta bayani a ƙarƙashin kowanne. A 1895 jaridar New York World ta fara buga zanen wani yaro da aka san shi da Yellow Kid, wanda daga baya aka riƙa rubuta maganarsa a jikin rigarsa. Bayan haka ne kumbon magana, wato da'irar da ke fitowa daga bakin mai magana, ya zama ruwan dare a jaridun Amurka.

Sunan graphic novel kuwa Richard Kyle ne ya ƙirƙiro shi a 1964, amma sai a 1978 ya bazu, lokacin da Will Eisner ya fitar da A Contract with God. A 1992 littafin Maus na Art Spiegelman, wanda ya zana Yahudawa a siffar ɓeraye, Jamusawa a siffar kyanwoyi, ya samu lambar Pulitzer. Hakan ya ƙara buɗe wa fannin ƙofa a jami'o'i. A nan gida ma Wale Adenuga ya fara mujallar Ikebe Super a Ikko a 1976, inda Papa Ajasco ya samo asali.

Kalmar da ta fi burge ni ita ce wadda Scott McCloud ya yi sharhinta a 1993. Farin filin da ke tsakanin gida da gida, Turawa suna kiransa da sunan kwata. A gidan farko an ɗaga gatari, a na biyu an ji ihu. Ba a zana saran ba, mai karatu ne ya cike gurbin a zuciyarsa.

To, mu da muka yi Hausa a makaranta muna da jigo, da zubi da tsari, da salo, da tauraro, kuma duk suna aiki a nan. Abin da ya rage shi ne na zane: gida, kwata, kumbon magana, kumbon tunani, akwatin mai ba da labari. Waɗannan shawarata ce.

Damuwata ita ce yaron da aka haifa a Sabon Ibadan ko Agege yana karanta littafin da Turanci, yana hirarsa da Turanci ko Yarbanci. Idan babu kalmar Hausa a bakin uba, hirar za ta wuce shi. Mu zauna da su, mu buɗe shafi, mu tambaye su me ya faru a cikin kwata. Allah ya raya mana su.