Abin da ya sa jan ƙarfe ke sauya hali a cikin ruwa

Jan ƙarfe, wanda alamarsa a kimiyyar sinadarai ita ce Cu, yana da ilektiron 29 a ƙwayar zarrarsa. Idan zai haɗu da wani sinadari, yakan saki ɗaya ya zama Cu⁺, ko biyu ya zama Cu²⁺. Sakin uku ba kasafai yake faruwa ba.

Bisa tsarin zarra, Cu⁺ ne ya kamata ya fi dorewa, domin zagayensa na 3d cike yake da ilektiron 10, na Cu²⁺ kuwa 9 gare shi. Amma a cikin ruwa akasin haka ake gani: Cu⁺ guda biyu sukan yi musaya, ɗaya ya koma tsantsar ƙarfe, ɗayan ya zama Cu²⁺.

Dalilin yana cikin lissafin makamashi. Cire ilektiron na farko na cin kimanin kilojul 745 a kowane mol, na biyu kuma kusan 1,958. Sai dai Cu²⁺ ya fi ƙanƙanta, cajinsa kuma ninki biyu ne, saboda haka yana jawo ƙwayoyin ruwa da ƙarfi. Makamashin da wannan ke saki ya kai kimanin 2,100, na Cu⁺ kuwa bai kai 600 ba. Wannan ratar ce ke biyan mafi yawan tsadar cire ilektiron na biyu.

Cu⁺ yana tsira ne inda ruwa ba ya iya kewaye shi, kamar a cikin CuI da CuCl, fararen sinadarai da ba sa narkewa sosai. Idan aka zuba ayodaid a kan Cu²⁺, sai ya koma Cu⁺ a matsayin CuI, ayodin kuma ya fita.

Launi ne ke bambanta su ga mai kallo. Cu²⁺ shuɗi ne a ruwa, yawancin gishirin Cu⁺ kuwa ba su da launi. A kan wannan sauyi aka gina gwajin Benedict, wanda aka daɗe ana amfani da shi wajen gano sukari a fitsarin masu ciwon sukari: idan akwai gulukos, ruwan gwajin mai shuɗi yakan rikiɗe ya fitar da jan gari na Cu₂O bayan an dafa shi. Haka nan jinin wasu halittun teku yakan yi shuɗi idan jan ƙarfen da ke cikinsa ya ɗauki iskar oksijin.