Daga wuri da dala zuwa ajin C: tarihin lissafi a ƙasar Madawa, Buza da Keita

Kowace shekara in sakamakon bak ya fito, ana guɗa a gidaje, a yi wa yaro rakiya tasha, ya tafi Yamai ko Maraɗi karatun fizik ko shimi. Shekara na zagayowa sai ka ji wani ya canza fanni, wani ya dawo gida shiru. In ka tambaye shi mi ya faru, amsar kusan guda ce: lissafi ne ya kada ni. Daga nan sai ka ji ana cewa mu dai kanmu na kasuwa ne, wanga karatu sai wasu. Yau muna so mu auna maganar nan da tarihi.

Mu fara da kasuwa ɗin da ake faɗi. Kafin zuwan Nasara, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa, kuma ƙirga wuri aiki ne na masu kai. Ana jawo shi biyat-biyat, a tara ɗari, a tara dubu, har a cika keso, wato wuri 20,000. Kalmomi irin su metan, arbaminya da hamsaminya daga Larabci suka shigo bakinmu ta hanyar fatauci da malanta. Da kuɗin Faransa suka zo, ba mu bar al'adar ba, sai muka riƙa ƙirgawa da dala, kowace dala tamma biyat. Yarinya mai talla in ta ce dala ɗari ukku, ta san 1,500 ne a rubuce. Mai albasa a fadamar Tarka yana haɗa kuɗin buhu, na ƴan dako da na mota zuwa Abijan, ya fidda ribarsa bai taɓa biro ba. Wanda ya tashi cikin haka, ninkawa da rabawa ba baƙinsa ba ne.

Sai zaure. Malamin da ya san ilimin gado, in mutum ya rasu ya bar mata, uwa da ɗiya, ya san mata na da tumuni, uwa na da sudusi. Zai nemi adadin da takwas da shida duka ke rabawa, ya samu 24, ya ba mata 3, ya ba uwa 4, sauran 17 na ɗiya. Abin nan shi ne mushe ke fama ya koya wa ƴan siziyam da sankiyam da Faransanci. Kuma dangantakar tsohuwa ce. A Bagadaza, wajen shekara ta 820, Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafin da ya ba aljabra sunanta, kuma babban sashe na littafin kan rabon gado da wasiyya yake. A nan kusa da mu, Muhammad al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake jera lambobi cikin hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimilla guda. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Ƙasar nan tamu ma ba bare ba ce ga manyan malamai: Malam Jibrila ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a yankin Madawa ya ƙare rayuwarsa.

Da lakwal ta zo, ta zo da wani lissafi, amma da ƙofa ƴar ƙarama. Nasara na buƙatar tafinta, magatakarda da malamin makaranta, don haka karatun da ke cikin Nijar bai yi nisa ba. Mai son ya ƙara sai ya bar ƙasar. Dubi hanyar Abdu Mumuni Joffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Ya yi karatun farko a Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan makarantar William Ponty a Senegal, sannan Dakar, sannan Paris, inda ya zauna ajin share fage na lissafi zalla kafin ya kama fizik gadan-gadan. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fizik, shi ne na farko cikin baƙar fatar ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka. Daga baya ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun daga 1969, ya kuma riƙe shugabancin jami'ar Yamai. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. A lura da jerin: lissafi ya fara ƙoshi da shi, sannan fizik ta buɗe masa.

Bayan ƴancin kai hanyar ta ɗan taƙaita. A 1971 aka buɗe cibiyar karatun gaba da lise a Yamai, kuma da fannonin kimiyya ta fara, a 1973 ta zama jami'a. Cikin ɗaliban farko akwai ɗan jaharmu, Mahamadu Isufu na Dandaji, wanda ya karanci lissafi kafin ya tafi Saint-Étienne ta Faransa ya zama injiniyan ma'adinai. Ko mi ra'ayinka a kansa wajen siyasa, hanyar karatunsa ita ce waccan dai. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram. Ta Tawa, mai sunan masanin tarihin Adar Jibo Hamani, ta fi ƙarfi wajen shari'a, tattalin arziki da gudanarwa. Ta Maraɗi, mai sunan Dan Dikko Dankulodo, masanin shimi, ita ke da tsangayar kimiyya da fasaha. Ke nan har gobe ɗan Buza mai son fizik sai ya ɗauki jakarsa. Bambancin kawai, da can Dakar ne, yanzu Maraɗi, Yamai ko Agadas.

To mi ya sa abin ya dame mu? Mutanen Keita sun fi kowa sanin amsar. A 1984, ana tsakiyar fari, aka fara babban aikin nan na farfaɗo da ƙasa a Adar-Dutsi-Majiya, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ƙarƙashin Renato Carucci. Iyayenmu, akasari mata, su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan tuddai, suka dasa itace. Amma kafin a aza dutse na farko a madatsar ruwa, sai wani ya zauna da takarda ya lissafa ruwa nawa kwarin ke kawowa in an yi mamako, da irin ƙarfin da zai tunkuɗi bangon. Ƙa'idar ita ce matsin ruwa na ƙaruwa da zurfi, shi ya sa in ka ninka tsayin ruwan sau biyu, ƙarfin da ke kan bangon ninkuwa yake sau huɗu. Wanda bai san haka ba, zai ƙara tsayin bango ya bar kaurinsa, damina guda ta tafi da wahalar gari. Madatsun nan suna tsufa, wasu yashi na cike su. Wa zai yi lissafin gyaransu?

Haka zancen rana. Garuruwanmu ukku na tsakanin digiri 14 da 15 arewa da tsakiyar duniya, kuma wanga adadi ne ke faɗa wa mai kafa faifan sola yadda zai karkata shi ya fuskanci gusum. Tashar sola ta Malbaza, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ga ta nan maƙwabtanmu. Kowane famfo mai aiki da rana a garkar albasa, akwai lissafin zurfin rijiya, yawan ruwa da ƙarfin wuta a bayansa.

Yanzu wane lissafi ne jami'a ke nema ga mai son fizik ko shimi? Na farko aljabra, wato iya aiki da harafi a madadin lamba ba tare da gaba ya faɗi ba. Na biyu lissafin kusurwa, wanda ɗalibai ke kira tirigo, da bektar, mai nuna girman ƙarfi da inda ya dosa. Na ukku, kuma shi ne uwa uba, lissafin canji: deribe da antegiral. Newton a Ingila da Leibniz a Jamus suka kafa shi, Leibniz ya buga nasa a 1684, littafin Newton kan motsi ya fito a 1687. Ga misali. Saki tsakuwa cikin rijiya. Cikin daƙiƙa guda ta faɗa kusan mita 5, cikin biyu kusan 20, cikin ukku wajen 44. Gudunta na canzawa kowane lokaci, kuma deribe ne ke faɗa maka gudun a daidai lokacin da kake so. Antegiral kuwa shi ke tara ƙananan guntaye su zama jimilla, kamar ƙarfin ruwan nan a kan bango tun daga sama har gindi. Ɗan shimi kuma ba ya rabuwa da logaritim, don da shi ake auna tsamin ruwa.

Duk waɗannan hawa-hawa ne kamar tsani. Deribe na tsaye kan aljabra, aljabra na tsaye kan kason lamba da lambobin da ke ƙasa da sifili. Yaron da ya faɗi a shekarar farko ta jami'a, in ka bi sawu, sau da yawa a sankiyam ko katiriyam ƙafarsa ta zame: shekarar da aka yi wata da watanni babu mushen lissafi, ko aji ya cika maƙil, ko ya haddace ƙa'ida da Faransanci bai gane abin da take nufi ba. Ya lallaɓa ya samu birebe, ya guje wa sagon C, ko ya shiga ya yi ta hadda har bak. A jami'a hadda ba ta ceto.

Maganar harshe kuwa Abdu Mumuni ya yi ta tun 1964 cikin littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka fara gwajin makarantar Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne aikin cikin aji: a nuna wa yaro cewa tumuni da sudusin da ya ji a zaure, da dalar da yake ƙirgawa a kasuwa, su ne ke kan allo.

Don haka iyaye, in ɗanku ko ɗiyarku na kwaleji, ku tambayi makin lissafi tun siziyam, kar ku jira turwaziyam. In aji ya zauna babu malami, ƙungiyar iyayen ɗalibai ta je ta yi magana tun watan farko. Ɗalibanmu na jami'a da ke dawowa hutun damina, ku tara ƙannenku ko sa'a guda a rana, a koma kan kason lamba da aljabra, da alli da allo, kowa ya yi da hannunsa. Ƴan kasuwarmu na Abijan da Kwatanu, kuɗin buhun albasa guda na iya sayen littattafan lissafi da ɗalibai da dama za su riƙa karɓa-karɓa. Kuma kar a manta da ƴan mata, jikokin waɗanda suka ɗauki duwatsun Keita a ka. Wanda ya san wani mushen lissafi da ya yi wa garinsu ƙoƙari, ya gaishe shi, in ya rasu ya yi masa addu'a. Allah ya jiƙan magabata, ya buɗa basirar ɗiyanmu.